Mun raini itacen gona, wa zai raini burtali da gulbi?

Duk baƙon da ya sauka Maraɗi da maganar muhalli, daga Yamai ya fito ko daga Turai, gona ake kai shi. A sa shi a mota a bi hanyar Agye, a tsaya Ɗan Saga ko wani ƙauye irinsa, a nuna masa gawo da kalgo da sabara tsaye cikin gero, ya ɗauki hoto ya jinjina mana. Mun kuwa cancanci jinjinar, don abin da manoman jihar nan suka yi cikin shekara 40 ba wasa ba ne. Damuwata tana wurin da ba a kai baƙon: burtalin da ke bayan gonar, makiyayar da garmani ya cinye, gulbin da yashi ke binnewa, da dajin da yau ko mai gatari tsoron shigarsa yake yi. Abin da ke da mai shi mun iya tattalinsa. Abin da yake na kowa da kowa mun sake shi, alhali nan ne sauyin yanayi ya fi danna mu.

Zamanin gyaɗa, malaman gona sun koya wa iyayenmu cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Dokar daji ta Faransawa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, suka mai da itace kayan gwamnati. Gawon da ya tsiro a gonar ubanka, ka taɓa reshensa malamin daji ya ci ka tara. To wane mai hankali zai bar abin da zai ja masa tara ya girma? Tun yana toho ake gamawa da shi. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, tsirara suka tarar da ƙasa. Wanda ya yi wayo a lokacin ya san yadda iskar farkon damina ke binne shuka da rairayi, a sake shuka ta sake binnewa, har iri ya ƙare a rumbu.

A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kunce, a garin nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawuran dashen itace. Abin da ya canza fuskar gonakinmu dai ta wata hanya ya biyo. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya lura a 1983 cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Ba sai an yi reno a leda ba, ba sai an yi ban ruwa ba. Ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse saura, shi ke nan sassabin zamani. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abinsu, amma waɗanda suka bari suka ga geronsu ya daina binnuwa, ga itacen girki a bakin gona, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Tsofaffi za su ce maka ai barin gawo a gona ba Bature ya kawo shi ba, kuma da gaskiyarsu. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, da suka gwada hotunan sama na da da na baya-bayan nan, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi tsakanin Maraɗi da Damagaram.

A ganina sirrin abin bai wuce kalmar da manomi ya fara iya faɗa ba tare da waige ba: itacena ne. Hannun hukuma ya yi sanyi a ƙauye daga ƙarshen shekarun 1980, ruwa ya ɗan dawo, mutum ya ga abin da ya raina shi zai ci. Doka ma a baya ta biyo: kundin dokokin karkara na 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sai kuma ƙudurin Yulin 2020 da ya amince wa manomi da cin moriyar itacen da ya raina a gonarsa.

Sai dai yanayin da muka koyi dabarar nan a cikinsa ya riga ya juya. Matsalar 1984 rashin ruwa ce da iska. Yanzu ruwan yana zuwa, tsari ne ya daina bi. A yi ruwan shuka a watan Yuni, kowa ya fita da sungumi, sai sama ta ɗauke sati uku. Can cikin Agusta kuma abin da ya kamata ya sauka a wata guda ya zubo a yini ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Mu ba ma buƙatar takarda. Ranar 30 ga Agustan 2024 an auna wajen milimita 150 a garin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, kusan sulusin ruwan shekara ke nan, mutum 15 suka rasu. A daminar ta 2024 kusan mutum 400 ambaliya ta kashe a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Garin ma ai ruwa ne ya hau da shi tudu, bayan ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari a cikin fadama.

Akwai abin da manomi zai iya yi shi kaɗai game da wannan, kuma yana yi. Ya rage zango mai daɗewa ya ƙara iri mai saurin nuna irin HKP da Cakti, ya haɗa gero da wake, ya haƙa tasa, 'yan ramukan tara ruwa, a fako. Ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun yi ƙoƙari a nan, har da ƙwaron nan da ake saki ya kashe murzunar gero. Amma ruwan da ya rushe ɗaki a gangare, a kan tudun wani ya faɗo. Saniyar da ta shiga wake a Gidan Runji, rashin ciyawa a Barmo, can arewa, ne ya koro ta. Ba manomin da zai gyara waɗannan daga cikin gonarsa, ko ya raini gawo ɗari.

Maganar makiyaya ce ta fi tsaya mini a rai, don a nan nasararmu ta gona ta koma nauyi a kan wani.

Da, in an gama kaka, Bafulatani ya sauka a gonarka da garkensa. Shanu su ci kara su bar maka taki, ka ba shi damin gero, matarsa ta kawo nono gida. Kowa ya san mutuminsa, wani ma tun kakanni. Yau je ka gonakin Agye ko Tasawa a watan Nuwamba ka gani. An yanke kara tas an ɗaure, an ɗora a kan itace ko an kai gida a amalanke. Harawar wake an jera ta kan rufin ɗaki, don a bazara kuɗi ce. Manomi da kansa ya zama makiyayi: ga shanun amalanke, ga ragon layya da uwargida ke turkewa. Inda aka noma aya kuwa, wajen Cadawa, an ƙone ganyen an tankaɗe ƙasar, ko tsinke babu. Makiyayi ya iso ya tarar da fili fayau, abin da ya rage mai ɗanyen ganye shi ne gawon nan, wanda Allah ya yi shi yana kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Ga dabba na kuka, ga barandami a kafaɗa. Sauran labarin kowa ya san shi.

Na taɓa zama a ƙofar wani mai gari ana irin shari'ar nan. Kawuna ne mai ƙara. Wani yaro ya hau gawonsa da dare ya sassare rassan har ƙoƙuwa, irin saran da itace ke shekaru bai murmure ba. Kawu na magana muryarsa na rawa: "Ranka ya daɗe, tun yana kamar sandar nan nake rainonsa. Ko 'ya'yana ban yarda su taɓa shi ba." Uban yaron, wani dattijo da malfa a gwiwa, bai yi musu ba. Ya ce: "Allah ya ja zamanin mai gari, ɓarna mun yi ta, za mu biya. Amma burtalin da muka bi bara, bana gero muka tarar a ciki. Makiyayar da ke gabas da ku kuma garmani ne zalla. Ku gaya mini ta inda zan bi." Aka yi tsit, don duk wanda ke zaune a wurin ya san mai geron da ke cikin burtalin, yana ma cikin masu sauraro. Aka yanke tara, dattijo ya kwance bakin zane ya ƙirga, aka yi fatiha aka tashi. An biya Kawu gawonsa. Burtalin kuwa ba wanda ya shigar da ƙara a kansa, tun da ba na kowa ba ne.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa, wadda a wajenmu ta bi kwarin Tarka a ƙasar Dakwaro. Abin da ke arewa da ita na kiwo ne, wanda ya yi gona a can dabba ta ci ba shi da diyya. Dokar kiwo ta Mayun 2010 ta sake tabbatar da iyakar, ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, ta hana wani ya mallake ƙasar kiwo. A takarda, Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kare makiyayi a Afirka ta Yamma. Kuma ba a banza muka kai nan ba. A Oktoban 1991, a Toda da ke nan kusa da mu, an kashe Fulani sama da 100, yawancinsu mata da yara, kan rikicin ɓarnar gona. Bayan wannan ne aka mai da hankali ga shata burtali, aka kakkafa turakun siminti da taimakon Suwizalan, ƙungiyar makiyaya ta AREN ta tsaya kai da fata. Aikin ya rage zubar da jini, wannan ba a musu. Amma turke ba ya tsaron kansa. Bi wani burtalin yau, za ka ga turken yana tsakiyar gona, gero ya kewaye shi gaba da baya. Inda ba a noma ba, dabbobi sun taru a ɗan siririn wuri sun cinye ciyawar kirki tun ba ta zuba iri ba, garmani da dabba ba ta damu da shi ba ya gaje wurin.

Arewa ma ba ta tsira ba. Gonaki sun daɗe da tsallake Tarka. Masu kuɗi sun haƙa rijiyoyin kansu, wanda ya riƙe rijiya kuwa shi ya riƙe ciyawar da ke kewaye da ita, ko bai kafa shinge ba. Amalanke da motoci na kwasar busasshiyar ciyawa zuwa kasuwannin gari. Kudu kuma, inda garke ke gangarawa da rani tun fil azal, ta zama abin tsoro. Ɓarayin daji na Zamfara da Katsina da Sakkwato sun sa dajin Baban Rafi, wanda da shi ne madogarar masu itace da masu kiwo, ya zama wurin da ake kore garke a sace mutum. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira suka tsallako ƙasar Gidan Runji da Madarunfa, su ma suna bukatar itacen girki da wurin ɗaure akuya. Can ƙasa, jihar Binuwai ta hana kiwon sake tun 2017. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ce ke ba makiyayi takardar ƙetare iyaka, mu kuma mun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Hanyar da makiyayin Sahel ya sani ta tsira daga fari ita ce tafiya: in nan bai samu ruwa ba, can ya samu. Yanzu da ruwan ya fi kowane lokaci rashin tabbas, a lokacin muke toshe masa hanya ta kowace kusurwa. Wanda ya ga mushen shanu a arewacin Dakwaro a 2010 ya san abin da ke faruwa in garke ya makale.

Kada a ɗauka manomi nake ɗora wa laifi. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3.4, kuma a lokacin mace ɗaya a nan tana haihuwar 'ya'ya 8 a matsakaici. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ashirin ke rabonsa. Wanda ya ci taku biyar daga burtali ba mugunta ta sa shi ba, bakuna ne a gida. Akwai kuma makiyayan da ke sakin dabba cikin amfanin gona da gangan, da dare, da makami a hannu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shanun da ke hannun yaron nan sau da yawa na wani Alhaji ne ko wani babban ma'aikaci da ke kwance cikin gari, shi ne kuma zai buga waya a saki dabbobin in an kama. Talakawa biyu ke fasa wa juna kai a daji.

Ranar sakin gonaki ma tana bukatar a sake mata tunani. Hukuma kan sanar da ita kowace shekara, takan kai Disamba. Amma in damina ta yanke da wuri a Barmo, tafkuna sun ƙafe, garke ba zai jira sanarwa ba, tun Oktoba zai kamo hanya, lokacin wake da dawa na tsaye a kudu. Abin da ya dace, tun watan Satumba a san halin da ciyawa da tafkunan arewa ke ciki, a faɗa a gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a buɗe wuraren jira masu ruwa a kan hanya, a saki gonaki yanki-yanki yadda girbi ke ƙarewa. Ma'aikatan kiwo suna auna ciyawar nan duk shekara. Rahoton ne ke tafiya Yamai maimakon ya zo kunnen mai gari da arɗo.

Akwai wasu da sassabin zamani ya bari a baya, su ma ba a kai baƙo wurinsu. Da, mace ta ɗauki igiya ta shiga saura ta yi itace, ba mai ce mata don me. Yanzu saura ta ƙare, kowane itace da mai shi. Matar mai gona ta huta da doguwar tafiya, har ta sayar da ragowa. Bazawarar da ba ta da ko gamana, 'yar gonar kanta, fa? Ko ta saya, ko ta roƙa, ko a kira ta ɓarauniya kan busasshen reshe. Ƙarancin ƙasa ya sa gidaje da yawa sun karɓe gamanar mata an mai da cikin gandu. A Gulbin Kaba, wajen Mayahi, matan da ke saƙar tabarma da igiya da kabar goruba sun dogara ne da kwarin da yake na kowa, gonaki kuma na ta cinsa.

In da za a tambaye ni inda za a sa kuɗi, zan ce a rage na dashe. Kowace ranar 3 ga Agusta manya na tsugunawa da babbar riga su dasa itace a gaban kyamara. A koma wurin a watan Maris a ƙirga. Ayyukan raya ƙasa ma abin da ke da sauƙin ƙirgawa suke so: dashe kaza, ramin tare ruwa mai siffar rabin wata kaza, hekta kaza. Ana biyan mutane su haƙa rabin wata a kan fako, abu mai kyau, ciyawa ta fito shekarar farko gwanin sha'awa. Da aikin ya tashi, mai gadi ya daina samun albashi. Ko wurin ya koma fako, ko kuma, abin da ya fi ciwo, tun da ƙasar ta farfaɗo wani mai ƙarfi ya sa mata garma, makiyayar da aka gyara da sunan jama'a ta zama gonar mutum ɗaya. Kafin a sara ƙasa da diga, kamata ya yi a fara zama a rubuta: wurin nan na wa ne, wa zai shiga, yaushe, wa zai hukunta wanda ya karya.

Masu wannan aikin suna nan, su ne kwamitocin filaye da dokar 1993 ta kafa, waɗanda muke ce wa Kofo: na gunduma ƙarƙashin prefe, na ƙaramar hukuma, da na ƙauye da mai gari ke shugabanta tare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ke da hurumin shata burtali, su rubuta takardar saye da aro da jingina. Amma yawancinsu sai wani aikin Turawa ya zo suke motsi. Sakataren da ba shi da man babur, ta yaya zai je ya ga turken da aka tumɓuke? Tun Afrilun 2024 kuma da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, manomi da makiyayi sun rasa kansilan da za su kama rigarsa a kasuwa. Kuɗin da ake kashewa a bikin dashe ɗaya zai riƙe Kofon gunduma wata da watanni. Mutanen Ɗan Saga ma ai ba iya datse reshe kaɗai ya sa itacensu ya tsaya ba. Kwamitin tsaro suka kafa, suka sa mata da Fulanin yankin a ciki, suka yarda da tarar da za a ci duk wanda ya yi sara ba izini. Wannan ɓangaren na labarinsu ne ya kamata a kwaikwaya, a faɗaɗa shi daga ƙauye ɗaya zuwa dukan ƙauyukan da burtali ɗaya ya ratsa, daga Gadabeji har bakin iyaka. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure a mota, aka yi ɗaruruwan kilomita da su aka sauke a Gadabeji lafiya lau. Na yi murna da dawowarsu. Na dai ce a raina, ashe in an so buɗe wa dabba hanya ana iyawa.

Saura ruwa, wanda shi ko iyakar ƙasa bai sani ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo ta Nyelwa, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. A 1989 aka gama madatsar Jibiya a kansa, mai ɗaukar ruwa mita cubic miliyan 142. Tun daga nan malalar da ke jiƙa fadama ta bar laka, a bi bayanta a shuka, ta canza. Masu lambu suka koma ga ruwan ƙasa. Filin noman rani na Jiratawa, wajen hekta 500, da rijiyoyin burtsatse yake rayuwa, zogalen da ake lodi zuwa kasuwanni daga nan yake fita. Yanzu kuma famfon sola ya yi araha, kowa na huda fadama yana ja daga safe har la'asar, tun da rana ba a biyan ta. Alheri ne babba ga mai lambu, ina kuma son ganin ƙarinsa. Amma tulu ɗaya muke sha dukanmu a ƙarƙashin ƙasa, kowa da nasa tsinken zuƙa, ba mai leƙa cikinsa ya ga inda ruwan ya tsaya. Ruwan nan malalar gulbi ce ke mai da shi. In malala ta ragu, ja ya ƙaru, mai gajeriyar rijiya ne zai fara gani, shi ne kuma mai ƙaramin ƙarfi. A sa ma'auni a wasu rijiyoyi tun daga Madarunfa har Gidan Runji, ƙungiyoyin masu lambu su riƙa karantawa da kansu ana faɗa a rediyo kamar yadda ake faɗin farashin tiyar gero. Ba abu ne mai tsada ba.

Ta ɗaya gefen kuma, ruwan sama mai ƙarfi na kwaso yashi daga tuddan da aka sare yana zubawa a gulbi da tafkin Madarunfa. Gadon gulbi na cikewa, ruwa ya rasa hanya ya fantsama inda bai saba ba, masunta na kukan tafki ya yi ƙasa-ƙasa. A cikin gari ƙoramun da ke gangarowa daga tudu suna zaizaye unguwanni, mu kuma muna yanka filaye a kan hanyar ruwa muna cika magudana da leda. Yasar tafki da gina bango a bakin gulbi ba za su ɗore ba muddin ba a riƙe ruwan tun daga sama ba, wato a ƙasar wasu ƙauyuka da ba su ne ke shan ambaliyar ba. Don me mutumin tudu zai sha wahalar jera duwatsu saboda lambun mutumin fadama? Sai in an haɗa su a zama ɗaya, na ƙasa ya san yana da abin biya, na sama ya san yana da abin samu. Tsarin mulkinmu ya yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowane mai riƙo da iyakarsa, gulbin kuma ya ratsa su duka ba wanda aka ce nasa ne.

Tsakaninmu da Najeriya ma akwai takarda. A Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa mu, har da na Gada da Gulbin Maraɗi, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa da aka kafa tun 1971. Tambayi mai lambu a Madarunfa ko ya taɓa jin labarinta. Abin da ya sani shi ne wata shekara ruwa ya zo masa bagatatan ya kwashe shuka, wata shekara ya yi ta jira. Na san dangantakar Yamai da Abuja ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, an rufe iyaka an buɗe. Amma Katsina da Maraɗi ba sai an haɗa su ba. Sarautar garin nan Sarkin Katsina ake ce mata, aure da zumunci da ciniki ba su taɓa tsayawa ba, 'yan kasuwarmu ko da iyaka na rufe sun san yadda suke jin farashin Jibiya kafin azahar. Ana shimfiɗa layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa nan don kaya su zo da sauri. Abin da mai lambu ke nema bai kai wannan ba: masu kula da madatsar su sanar kwana biyu ko uku kafin su saki ruwa, a sa mai karanta ma'auni a Nyelwa da waya a hannunsa, a kuma zauna sau ɗaya a shekara kafin rani a yarda da abin da za a sako don fadama ta sha. Gwamnan Maraɗi da na Katsina, da sarakunan biyu, za su iya fara wannan tun kafin manyan su gama shiryawa.